Ranar da Na Ƙi Hawa Babur

A shekarun da kuɗi sunka yi yawa a ƙasa, bayan an yanka muna jiharmu ta Sakkwato, maigidana ya tafi aikin hanya wajen Dogon Daji ya dawo da babur. Ba sabo ba ne. Ja ne, tankin ya ɗan lotsa a gefe guda. Ƙauyenmu yana kudu da Kebbe, kan hanyar Fakku, mota ba ta shigowa sai ranar kasuwa, don haka babur ɗin ya zama sana'a. Yana ɗaukar gero da dawa na mutane ya kai Kebbe, wani lokaci har Tambuwal, ya dawo da gishiri da kananzir.

A bayan babur, dama da hagu na taya, akwai ƙarafa biyu a tsaye, kowanne da sifirin nannaɗe a jikinsa. Shokazoba maza ke ce musu. Su ke lotsawa in an faɗa rami, don kada bugun ya iso ga wanda ke zaune. Namu tun da anka sayi babur ɗin suna tsiyayar mai, ƙasa ta manne a kai ta zama baƙin danƙo. In ya ɗora buhu biyu sai bayan babur ya zauna, murfin da ke saman taya ya riƙa gugarta har ka ji ƙaurin roba. Sai ya yi abin da duk masu ɗaukar kaya ke yi a lokacin. Ya samo tsohuwar tayar babbar mota, ya yayyanka ta gunduwa-gunduwa, ya sa guduma ya cusa tsakanin zoben sifirin, sama da ƙasa, har babu inda zai motsa. Ina leƙe ta zana yana yi. Da ya gama ya hau ya yi tsalle a kan kujera, babur ko gezau. Ya yi murna ƙwarai. Ga buhu kam gyara ya yi kyau.

A wannan shekara na haifi ɗan fari, namiji. Gidan mijina gidan malamai ne, kuma da jinin Fulani ta wajen Inna, uwar mijina, saboda haka kunyar ɗan fari a wurinsu ba wasa ba ce. Ba na faɗin sunansa. Ba na yi mishi wasa gaban manya. In zan ba shi nono sai na juya na fuskanci bango, kamar abin da anka tilasta mani. In ya yi kuka Inna ce ke ɗaukarsa ta lallashe shi, ni kuwa in ci gaba da tankaɗe kamar ban ji ba. In an tambaye ni lafiyarsa, amsata ita ce, "Ku tambayi Inna." Haka anka raine ni, kuma ban taɓa ganin laifin abin ba. Sai in mun shiga ɗaki ni da shi in zura hanci a wuyansa in yi ta shaƙa.

Bayan kaka ta shigo anka yi wani suna a gidan iyayena a Kebbe, maigidana ya kai ni a babur, yaron yana goye. Motocin damina sun tone hanya, laka ta bushe ta yi tauri kamar dutse. Kowane rami sai na ji shi tun daga ƙugu har tsakiyar kai, haƙorana suna haɗuwa. Abin da ya fi damuna shi ne kan yaron. Bai gama riƙe wuya ba, ina jin goshinsa yana bugun bayana, ƙum, ƙum, ƙum. Na kai hannu baya na tallafe, babur ya karkata, maigidana ya ce in riƙe ƙarfe da hannu biyu kada in kayar da mu. Haka munka je, haka munka dawo.

Washegari zawo ya kama shi. Ruwa kawai yake zubarwa. Da Inna ta zo yi mishi wanka ta shafa kansa sai hannunta ya tsaya. Maɗigarsa, wurin nan mai taushi a tsakiyar kan jariri da ke bugawa kamar zuciya, ta faɗa ciki, har ana iya zuba ruwa kaɗan ya tsaya. Ta aika a kira ungozoma, tsohuwar da ke karɓar haifuwa a garin. Tsohuwa ta taɓa, ta dube ni.

"Ke, kin hau wanga abin mai ƙara da shi?"

Na sunkuyar da kai.

"To, shi ne. An kaɗa mishi kai ya sauka. Mu da jaki munka yi goyo, ba mu san wanga ciwo da yawa haka ba."

Ta kwaɓa magani da man shanu ta liƙa a wurin. Malam, uban mijina, ya yi rubutu anka wanke. Maganar tsohuwa kuwa ta shige ni ta zauna. Duk lokacin da na rufe ido sai in ji ƙum, ƙum ɗin nan a bayana.

Kwanaki sunka wuce ba sauƙi. Wata safiya na ga yana buɗe baki yana kuka ba hawaye, muryar ma kamar ta ɗan kyanwa. Idanun sun zurma. Malam da kansa ya shigo cikin gida, abin da ba ya yi sai da dalili, ya dube shi a hannun Inna. Ya ce mai ba da magani na Kebbe ya taɓa gaya mishi irin wannan sai asibitin Tambuwal, a tashi yanzu. Kasuwa da sauran kwanaki, ba mota. Babur ke nan.

Inna ta goya mani shi, ta ɗaure da majanyi biyu, ta yafa mani mayafi. Na fito ƙofar zaure. Malam na zaune kan buzu da abokansa dattawa, maigidana ya riga ya tayar da babur yana jirana. Na matso. Idona ya sauka kan baƙaƙen robobin nan da ke cushe cikin sifirin, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Daga nan zuwa Kebbe kawai ya yi mishi wannan lahani. Tambuwal ta ninka haka.

"Hau mana," in ji maigidana.

Na tsaya inda nake.

"Ke, mi kika jira? Rana na yi."

"Ba ni hawa."

Ya rage ƙarar injin don ya tabbatar da abin da ya ji. "Mi kinka ce?"

"Ba ni aza shi bisa wanga abu. Shi ya saukar mishi da kai. In na hau, gawa za mu kai Tambuwal."

Inna ta biyo ni da ƙullin tsummoki, tana bakin zaure. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, kina da hankali? Gaban Malam? Ina ruwanki da shi? Hau a kai shi, namu ne."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce, "Ɗana ne, Inna. Ni na haife shi. A fidda robar nan ko in tafi da shi ƙasa."

Wani dattijo ya yi gyaran murya ya dubi wani gefe. Maigidana ya kashe babur, kunnuwansa kamar za su yi jini. Ba a taɓa jin mace ta ce haka a ƙofar gidan nan ba. Malam bai ɗago ba, ya ja carbinsa kaɗan, sannan ya ce da ɗansa, "Tafi ka kira ɗan uwanka. A yi mata abin da ta ce."

Ɗan uwan da yake nufi ɗan ƙanwarsa ne, taubashin maigidana, wanda ya koyi gyaran keke da injin niƙa a Tambuwal. Tsakaninsu sai tsiya, ni ma matarsa yake kirana. Ya zo da jakar sifanu a kafaɗa yana tauna rake. Ya tsuguna ya dubi sifirin, ya fashe da dariya.

"Kai, wa ya yi wanga aika-aika? Turmi ka saya ko babur? Matata, ashe kan turmi shika yawo da ke?"

"Bar surutu, cire ka ba ni wuri," in ji maigidana.

"In cire kawai? Gwanin gyara ya yi magana." Ya shafa ƙarfen da yatsa ya nuna mishi baƙin danƙo. "Babu ɗigon mai ciki. In na zare robar nan haka, kowane rami sai ya cilla ku sama kamar bunsuru, ya dawo ya daki taya. Gara ma turmin. Sai an kwance, an wanke, an zuba mai."

Sai a lokacin ya ga fuskar yaron ta gefen mayafi. Ya tofar da raken, dariya ta ɗauke.

Maigidana ya tambaye shi zuwa yaushe. Ya ce kafin azahar in Allah ya so. Maigidana ya juyo ya dube ni, yana jira ko zan janye. Ban janye ba.

Sunka jingina babur kan kututture sunka ɗaga bayansa. Na koma cikin zaure na zauna inda nake hangen su, na sauko da yaron kan cinya, kunya ta riga ta zube ban ga abin ɓoyo ba. Notin farko ya kwance da sauƙi, na ji sanyi a raina. Na biyu ya yi tsatsa ya ƙi. Sunka zuba kananzir, sunka jira, sunka buga, sifana ta zame ta fasa wa taubashi yatsa. Ya tsotse jinin ya ce da maigidana, "Ko wanka ba ka yi wa dabbar nan, kamar mai ita." Ba wanda ya yi dariya.

Da sunka fidda ƙarafan biyu sai fidda roba. Abin da anka cusa da guduma ba ya fita da lallashi. Ɗaya bayan ɗaya sunka riƙa ƙwaƙulowa da ƙusa, suna zubarwa a ƙasa. Sannan taubashi ya zarga igiya a sifirin, ya sa sanda ya riƙa murɗawa har sifirin ya tsuke, ya zare abin da ke riƙe da shi a sama. Sau ɗaya igiyar ta tsinke, sifirin ya yi tsalle ya faɗa cikin garken awaki, dole anka sake daga farko. A cikinsa akwai wani bututun ƙarfe da sanda siririya mai shiga da fita. Ya tura ta da yatsa ɗaya ta shige ba wata turjiya. Ya ce, "Kun gani? Fanko."

Rana ta take. Na ba yaron nono ya kama, ya ja sau biyu ya saki. Na sake ba shi, bakin ya tsaya a buɗe. Na taɓa harshensa, a bushe kamar tsumma. Na dubi waje. Babur ga shi nan ba ƙafar baya, ƙarafa a baje kan buhu, noti a cikin murfin kwano. Ko da na ce na fasa, a tafi haka, babu abin hawa. Da na hau tun safe da yanzu mun wuce Kebbe da nisa. Ni na sa anka wargaza shi.

Inna ta shigo ta zauna kusa da ni. Ba ta dube ni ba. Ta jawo ƙoƙon rubutun Malam, ta riƙa tsoma yatsa tana ɗiga mishi a baki, tana shafa maƙogwaronsa ya haɗiye. Na so ta zage ni, da ya fi mani sauƙi.

Bututun bai da murfin da ake kwancewa. Taubashi ya huda shi da ƙusa mai kaifi kusa da gindi, wani ruwa kaɗan mai wari ya fito, kalar tsatsa. Ya ɗura kananzir ya girgiza ya zubar, ya maimaita har ya fito fari. Ya haɗa baƙin mai da kananzir kaɗan a gwangwani don kada ya yi kauri, ya naɗe takarda kamar mazurari, ya riƙa ɗurawa ta ƙaramar hudar yana jan sandar sama da ƙasa. Ɗigo-ɗigo yake shiga. Ina kallon kowane ɗigo ina jin kamar in fizge gwangwanin in tuttula. Anka kira azahar bai gama na farko ba. Maza sunka yi salla a gurguje a nan gefen babur.

"Ka ce kafin azahar," in ji maigidana.

"Na ce in Allah ya so. Hura wutar nan."

Sunka narka dalma a garwashi sunka toshe hudar. Ya tura sandar, wannan karo ta turje, ta shiga a hankali kamar hannu cikin ƙullu. Ya ɗago ya nuna mani daga nesa. "Matata, kin ga yadda lafiyayye yake." Na gyaɗa kai. Saura ɗaya, kuma duk abin da anka yi wa na farko sai an yi mishi.

Ban iya tuna yadda na biyun ya wuce ba. Na san na daina kallonsu, na koma kallon ƙirjin yaron, in ya ɗaga in saki numfashi, in ya jima bai ɗaga ba in girgiza cinya. Na san awaki sun dawo inuwar yamma. Ana shirin la'asar na ji ƙarar babur.

Inna ta sake goya mani shi. Wannan karo ta naɗe tsumma ta tokare wuyansa dama da hagu, ta ja majanyi har sama da kunnensa. Malam ya yi addu'a ya tofa. Da na hau sai na ji kujera ta sauka da ni kaɗan. Ramin farko da munka faɗa, na runtse ido ina jiran bugu, sai babur ya lotsa ya taso a hankali. Goshin yaron bai taɓa bayana ba. Gyara ya yi. Amma ban ji daɗin da na zata ba, don yanzu ba na jin motsinsa ko kaɗan, kuma ban san ko laushin babur ne ko wani abu ba. Na riƙa kai hannu ina matsa tafin ƙafarsa. Munka ratsa Kebbe ta bayan gidanmu, na hango rumbun babana, ba mu tsaya ba. Haka munka miƙe har munka hau kwalta.

Ana kiran magariba munka shiga asibitin Tambuwal. Wata nas, babbar mace mai tabarau, ta kwance goyon da kanta. Ta ja fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya a tattare. Ta ɗaga murya ta kira wata, sunka kwantar da shi. Sun nemi jijiya a hannu ba su samu ba, a ƙafa ba su samu ba, sai sunka aske gefen kansa sunka soka allurar ƙarin ruwa a nan. Bai ko motsa ba. Ta kankare maganin ungozoma da auduga tana tsaki.

"Tun yaushe ya daina shan nono?"

Na ce tun kafin azahar.

"Kuna ina tun kafin azahar?"

Na ce ana gyaran babur. Na ce babur ɗin ne ya kaɗa mishi kai maɗiga ta sauka, shi ya sa na ce sai an gyara.

Ta cire tabarau ta dube ni. "Wa ya gaya miki haka? Ruwan jikinsa ne ya ƙare, yarinya. Zawo ne ya tsotse shi. In ruwa ya koma, kai zai ciko da kansa. Da kin kawo shi da safe, ko a kan jaki ne, da cokali kawai za mu ba shi ruwa. Yanzu ban yi miki alkawari ba."

Maigidana yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji duka. Ya juya ya fita.

Nas ta ce in sa ido kan zanen da ke ƙarƙashinsa, in ya yi fitsari in kira ta, in bai yi ba har kwalba ta biyu ta ƙare to sai addu'a. Na zauna a ƙasa na zura hannu ƙarƙashinsa na bar shi a nan. Ina kallon kwalbar tana ɗiga, ina lissafin abin da zan tarar a gida in mun koma hannu wofi. Ba wanda zai ce mani komai, na san gidan. Za a yi mani gaisuwa kamar kowa. Amma kowa ya ji abin da na ce a ƙofar zaure, kowa ya ga rana ta tashi ta karkata ana gyaran ƙarfe saboda bakina. Wata zuciyar kuma tana ce mani ita nas ba ta hau babur ɗin nan ba, ba ta ji abin da na ji a bayana ba. Har yau da nake wannan rubutu ban gama raba gardamar nan ba, ko da yake na fi karkata ga nas.

Gari ya waye, masu shara sun shigo, sannan na ji ɗumi a tafin hannuna. Kaɗan ne, rawaya, mai wari. Na tashi da gudu ba mayafi na kira nas. Ta zo ta duba, ta taɓa kansa, ta ce, "To. Gwada mishi nono." Ya kama da ƙyar, ya ja, ya huta, ya sake ja.

Na fita neman maigidana. Na same shi zaune a gindin itacen bedi kusa da babur, da alama nan ya kwana. Na tsaya daga gefe na ce, "Ya sha."

Ya rufe fuska da hannu biyu ya jima haka. Da ya sauke ya ce, "Da ya tafi fa? Mi za ki ce wa Malam?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma duk dare abin da nika tunani ke nan. Ni mi zan ce." Ya tashi ya kakkaɓe riga. "Koma wurinshi. Bari in samo miki koko."